Daga Damagaram zuwa Lyon don jin muryar Habibu

Talata: Damagaram zuwa Yamai

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba na rufe ƙofar gidana da ke Birni, na miƙa wa maƙwabciyata mabuɗi. Akwati ɗaya gare ni: rabinsa kayan sawa, rabinsa kilishi, kuka, daddawa da kwalbar zuma. Shekaruna sittin da shida, talatin da huɗu daga ciki a gaban allon lakkwal, wato makarantar boko, na yi su, kuma in ban da Hajji ban taɓa hawa jirgin sama ba.

Abin da ya tashe ni shi ne Habibu, ɗan ƙanena Alhaji Issufu. A hannuna aka yaye shi, ni na riƙe shi har ya shekara takwas, sannan ubansa da ke kasuwanci a Faransa ya zo ya tafi da shi. Yanzu shekarunsa talatin da biyu, kuma waƙa ce sana'arsa. Ba irin wadda kuka sani ba. Turawa suna da wani wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, opera suke ce masa. Habibu tsofaffin yake yi, waɗanda aka rubuta shekara ɗari uku da suka wuce, kuma da siririyar murya yake yin su, can sama. Ranar da na nuna wa matan unguwa bidiyonsa a waya, ɗaya ta rantse mace ce ke waƙar a ɓoye, shi baki kawai yake motsawa. Da ya aiko mini da takardar gayyata, ya ce zai yi wasa a Lyon cikin watan Maris, na ce zan je in ji da kunnena.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yaron yana wannan sana'a, ubansa bai taɓa zama ya saurare shi ba ko sau ɗaya.

Bas ɗinmu ta tashi ƙarfe biyar. Muka yi sallar asuba a Takeita, muka sha shayi da burodi a Maraɗi wajen takwas da rabi. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita ɗari tara ne, kuma duk shingen da muka iso sai an sauka an nuna katin ɗan ƙasa. A shingen da ke gaban Ƙwanni wani jandarma mai furfura a gemu ya karɓi nawa, ya duba, ya dube ni, sai ya ƙame ya sara mini. Ashe ɗalibina ne. Ya tuna mini da ranar da na tsayar da shi a rana saboda ya ci gyaɗa a aji, ya ɗauki jakata da kansa har cikin mota. Direba ya ce da ya san da wa yake tafe, da gaba ya zaunar da ni. Mun wuce Dogon Dutsi da la'asar, Dosso da magariba, muka shiga Yamai takwas da ƴan mintoci. Na sauka gidan wata tsohuwar abokiyar aiki, ƙafafuna sun kumbura kamar ba nawa ba.

Alhamis: Paris, Bobigny

Jirginmu ya bi ta Casablanca, muka zauna awa huɗu a can, muka sauka Paris ƙarfe uku da minti goma na rana. Ɗan sandan da ya duba fasfona ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce na zo jin opera. Ya ɗago kai ya dubi mayafina, ya sake duba takardar gayyatar, ya buga hatimi, ya yi mini fatan jin daɗin wasa. A duwan kuwa, wurin masu binciken kaya, suka riƙe kilishin, wai ba a shiga da nama. Matar ta yi mini bayani cikin ladabi, ta bar mini zuma da kuka. Daddawar ta shinshina, ta yi saurin rufewa.

Issufu na tsaye a bakin fita da babbar rigar sanyi a hannu. Shekara shida rabona da shi. Ya yi ƙiba, gashinsa ya yi fari, amma da ya ce "Yaya, sannu da hanya" sai na ga yaron nan da nake goyo zuwa rijiya. Muka yi gaisuwa tun daga filin jirgi har Bobigny, minti arba'in a mota, ba mu gama jera mutanen gida ba.

Gidansu yana hawa na tara a cikin wani dogon bene, irinsa sun fi goma a jere. Matarsa Hajiya Zeinabu, uwar Habibu, ta tarbe ni da sanda, don ba ta daɗe da yin aikin gwiwa ba. Ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo. Da Issufu ya fita masallaci, ta ja ni ɗakinta, ta buɗe wata durowa, ta ɗaga zannuwa. A ƙarƙashi akwai ƙananan littattafai masu sheƙi, irin waɗanda ake raba wa ƴan kallo. Ta riƙa miƙo mini ɗaya bayan ɗaya: Landan, Vienna, Amsterdam, Madrid, har Tokyo. Kowanne da sunan Habibu, da sunan ubansa a bayansa. Ita ba ta karatun boko, amma ta san kowanne da launinsa. Ta ce sau uku ta je ta gan shi a Paris. Duk ranar da za ta je sai ta gaya wa Alhaji, shi kuma sai ya ce Allah ya kiyaye hanya, kamar wadda za ta kasuwa. Bai taɓa hana ta ba, bai kuma taɓa tambayar yadda aka yi ba. Ba su yi faɗa da ɗansa ba, in ji ta. Habibu na zuwa ya gaishe shi, su yi maganar sanyi da lafiya, shi ke nan.

Da dare ya yi na ce wa Issufu ban san hanyar Lyon ba, Zeinabu kuma ba ta iya tafiya, don haka shi zai kai ni. Ya san ƙarya nake, wadda ta koyar da Faransanci shekara talatin ba za ta ɓata a tashar jirgin ƙasa ba. Sai ya ce dama yana da wani abokin ciniki a Lyon da ya kamata ya gani. Zai kai ni garin, amma kar in sa rai da wani abu bayan wannan.

Juma'a: kantin Issufu

Muka hau metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga Bobigny wajen ƙarfe goma, muka sauya sau ɗaya, muka fito wata unguwa a arewacin Paris inda in ka rufe ido sai ka ce kasuwar Dole ta Damagaram ce. Kantinsa ɗan ƙarami ne, shadda da atamfa har rufi. Bayan sallar Juma'a ƴan kasuwa suka yi ta shigowa gaishe ni, mutanen Maraɗi, na Tawa, da wani Bakano mai fara'a da ya kawo mini dabino. Shi ne ya tambayi Issufu, ina injiniyanmu, kwana biyu ba a ganinsa. Habibu ya fara karatun injiniya kafin ya bari, shekara goma sha biyu da suka wuce. Issufu ya ce yana lafiya, tafiye-tafiyen aiki ne suka yi masa yawa. Ya faɗa yana ninke shadda, bai dubi inda nake ba. Na bar shi. Ba a gaban mutane nake gyara ƙanena ba.

Asabar: Paris zuwa Lyon

Jirgin ƙasa ya tashi ƙarfe tara daidai. Tafiyar ta fi kilomita ɗari huɗu, amma awa biyu ce kacal. Gonaki kore shar suna wucewa da gudu har na fara jin jiri, shanunsu farare ƙato-ƙato, ba makiyayi ko ɗaya. Issufu ya sayo mana shayi a cikin kofin takarda, ba shi da ɗanɗanon kome.

Da muka yi kamar rabin tafiya na ce masa, "Issufu, muryar ce ke ba ka kunya, ko Inna?"

A nan dole in gaya muku abin da tsofaffin Birni kaɗai suka sani. Mahaifiyarmu zabiya ce. Babu bikin aure ko suna na manyan gidaje da za a yi a zamaninta ba a kira ta ba. In ta ɗaga murya a tsakar gida, daga bakin ganuwa ana ji. Ni na yi alfahari da ita, amma ni mace ce, kuma na shiga lakkwal da wuri. Issufu shi ya sha wahalar. Ɗan zabiya suke kiransa tun yana ƙarami. Da ya girma ya nemi auren wata yarinya da yake so ƙwarai, iyayenta suka karɓi gaisuwa, daga baya suka aiko cewa ba sa haɗa jini da maroƙa. Bai cika shekara ba ya bar ƙasar. Ya yi dako, ya yi gadi, ya tara, ya buɗe kanti, ya je Makka, ya zama Alhaji Issufu mai shadda, wanda ba wanda ya san waƙar uwarsa.

Ya dubi taga. Sannan ya ce, "Yaya, shekara arba'in na yi ina fitar da mu daga wannan gida. Rana ɗaya yaron nan ya buɗe baki a ɗakin wanka, yana da shekara sha biyar, na ji ta. Ita ce sak. Na fita na bar gidan, na yi ta yawo har la'asar."

Na tambaye shi ko Habibu ya san kakarsa ta yi waƙa. Ya ce a'a, kuma ya roƙe ni kar in gaya masa. Ni ma lokacin da yaron ke hannuna ban taɓa faɗa masa ba, don tun a wancan lokacin uban ya roƙe ni. Na ce ba zan faɗa ba, ba maganata ba ce.

Habibu na jiran mu a bakin jirgi ƙarfe sha ɗaya. Dogo, mai faɗin kafaɗa, da gemu ɗan kaɗan, ya naɗe wuyansa da mayafin ulu har haɓa. Ya durƙusa a gaban ubansa a tsakiyar Turawa masu jan akwati, ya gaishe shi. Muryarsa ta magana kauri gare ta, ta fi ta uban zurfi. Issufu ya amsa, ya tambaye shi sanyi, ya ce shi zai wuce Bron, a gefen gari, wurin wani malamin jami'a mutumin Tawa, can zai kwana. Habibu ya ce akwai ɗaki a masaukinsa. Uban ya ce ya riga ya yi alkawari. Ya nufi wajen tiram, jirgin cikin gari, da ƴar jakarsa. Sai a lokacin Habibu ya juyo ya rungume ni, ya ce, "Gwaggo, kin rage tsawo."

Masaukinsa ɗaki biyu ne da gidan wasan ya kama masa na mako shida, a wani tsohon gini tsakanin kogunan garin guda biyu. Hawa huɗu, babu na'urar hawa, na huta sau uku. A cikin ɗakin akwatinsa a buɗe yake a ƙasa, bai ko zuba kayan a kabad ba. Ya ce ya daina, don kafin ya saba da kabad an tashi. Daga nan sai Jamus, daga can sai Sipaniya. Ya nuna mini a wayarsa inda zai kasance nan da shekara biyu, rana da wata, har da awa.

Ya dafa mini shinkafa da kifi da kansa, muka zauna. Na ce ya ba ni labari tun daga farko, kamar ɗalibi a gaban allo. Ya ce wata malamar kiɗa ce a lakkwal ɗinsu na Bobigny ta sa shi cikin ƴan waƙar taro. Da muryarsa ta fashe ya ɗauka shi ke nan, sai ya tarar ta ƙasan ta zo, ta saman kuma ba ta tafi ba. Malamar ta ce masa maza masu irin wannan murya kaɗan ne, kuma akwai waƙoƙin da aka rubuta musamman dominsu. Ya yi shekara bakwai yana koyo, a ƙarshe da rana injiniya, da yamma waƙa, har ya zaɓi ɗaya. Ya koyi Italiyanci da Jamusanci saboda ita. Babban wasansa na farko, wani mawaƙi ne ya kwanta rashin lafiya, aka kira shi saura kwana uku, ya haddace a cikin jirgi.

Na ce to, da wannan muryar, mace yake fitowa a wasan? Ya yi dariya har ya ajiye cokali. Ya ce sarki yake fitowa, mai takobi, wanda ya ci ƙasashe da yaƙi. Mutanen wancan zamani a ganinsu murya mafi tsawo ita ta dace da jarumi. Mai kaurin murya yawanci tsoho ne ko mugu.

Ya ɗauki zumar da na kawo kamar an ba shi zinariya. Ba ya shan ruwan sanyi, ba ya cin yaji in wasa ya kusa, ba ya magana a inda ake hayaniya. Ya ce muryar ba ta daɗewa kamar sauran, wataƙila saura masa shekara goma sha biyar in Allah ya sa ya kula da ita. Na tambaye shi aure. Ya ce wace ce za ta auri akwati. Na ce wannan ba amsa ba ce, za mu koma kanta.

Ƙarfe biyar ya ce daga yanzu zai yi shiru har gobe, haka yake yi kafin kowane wasa. Kafin ya rufe baki ya miƙo mini tikiti biyu, ya ce, "Gwaggo, in ya zo kar ki gaya mini. In bai zo ba ma kar ki gaya mini. Sai an gama." Sauran yinin da hannu muka yi hira, shi yana nuna mini gari ta taga, ni ina ta surutu ni kaɗai.

Lahadi: gidan wasa

Wasan na ƙarfe uku ne na rana. Habibu ya fita tun sha biyu. Na yi sallar azahar, na sa leshina mai ruwan ƙasa, na taka a hankali, minti goma ne. Na tsaya a bakin ƙofa da tikiti biyu a hannu, mutane na ta shiga, yawancinsu tsofaffi masu farin kai irina. Uku saura kwata, uku saura minti goma, ba Issufu. Na riga na yanke shawara zan shiga ni kaɗai sai na hango shi yana fitowa daga ramin metiro. Babbar riga ce a jikinsa, farar shadda mai aiki, da hula, ba rigar sanyi a sama duk da iskar da ake yi. Wannan rigar ba a Bron ya same ta ba. Tun daga Bobigny take ninke a cikin ƴar jakar nan. Ya ce ya zo ne ya ga ko na sami wurin. Na ce na samu, amma matakala ta yi mini yawa, ya riƙe mini hannu. Ya riƙe.

Kujerunmu na hawa na farko, daidai tsakiya. Makaɗan suna cikin wani rami a gaban dandamali, su kusan talatin. Akwai masu goge iri-iri, manya da ƙanana, Habibu ya ce tsirkiyarsu ta hanjin tunkiya ce kamar yadda ake yi a da. Akwai wani mai molo wanda wuyansa ya fi mutum tsawo. Aka kashe fitilu. A saman dandamali ana rubuta fassarar waƙar da Faransanci, don haka na bi labarin: sarki ya ci yaƙi, amma an raba shi da matar da yake so, an ce masa ta mutu.

Habibu ya fito da doguwar alkyabba ja da takobi. Na san tafiyarsa, tun yana yaro yake jefa ƙafar hagu waje. Ya buɗe baki. Jama'a, waya ƙarya take yi. Abin da na ji ba muryar mace ba ce, ba kuma ta yaro ba. Tana da tsawo, amma da ƙirjin namiji a bayanta, ta cika ɗakin nan mai cin mutum fiye da dubu ba tare da lasifika ba. Yakan yi waƙa ya kai ƙarshe, ya dawo farkonta, a karo na biyu ya yi mata ado, ya lanƙwasa nan, ya ja can, ya hau inda ba ka zata ba. Na saci kallon Issufu. Yana zaune a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa, fuskarsa ba ta nuna kome.

Ƙarfe huɗu da rabi aka ba da hutu. Ina tunanin inda zan yi la'asar sai ga wata ma'aikaciyar gidan ta zo ta tambaya ko ni ce Madam Rabi. Ta ce an bar mata saƙo. Ta bi da mu ta wani lungu, ta nuna mana wurin alwala, ta buɗe wani ɗan ɗaki da ake ajiye kujeru. An ture kujerun gefe. A ƙasa an shimfiɗa darduma biyu suna fuskantar gabas, ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Issufu ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon su. Ya tambayi matar yaushe aka shimfiɗa. Ta ce mawaƙin da kansa ya zo ya shimfiɗa da rana, ya duba alƙibla a wayarsa. Ta ƙara da cewa wata da ta yi aiki da shi a Paris ta gaya mata haka yake yi duk ranar da mahaifiyarsa za ta zo, kullum biyu. Issufu ya cire takalmi ya hau ta gaba, ya ja mu sallah. Ya daɗe a sujadar ƙarshe.

A kashi na biyu akwai inda sarki ya tsaya shi kaɗai a gaban kabarin da aka ce na matarsa ne. Makaɗa suka yi ƙasa, saura mai dogon molo da goge ɗaya. Habibu ya kama sauti ɗaya tun yana siriri kamar zare, ya riƙa buɗe shi har ya cika ɗakin, ya mai da shi siriri, duk a numfashi ɗaya. Ba wanda ya yi tari. Na ji kujerar gefena na motsi kaɗan-kaɗan. Yatsun Issufu ne ke bugun gwiwarsa, yana bin kiɗan, bai ma sani ba. Ni kuwa na jiƙa gefen mayafina, ban ɓoye ba.

Da aka gama mutane suka miƙe suna tafi, aka yi ta kiran mawaƙan suna dawowa. Wani tsohon Bature da ke gefen Issufu ya juyo ya ce daga Geneva ya zo, wannan ne karo na biyar da yake bin wannan mawaƙi gari-gari. Ya dubi rigar Issufu, ya tambaya ko ƙasarsu ɗaya. Issufu ya ce, "C'est mon fils." Ɗana ne. Baturen ya kama hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.

Ma'aikaciyar nan ta kai mu bayan dandamali. Habibu na zaune gaban madubi yana goge kwalliyar fuska, alkyabbar na rataye. Ya hango mu ta madubi, ya miƙe, ya rasa abin da zai yi da audugar da ke hannunsa. Ya fara durƙusawa, uban ya riƙe kafaɗarsa ya hana shi. Suka tsaya haka. Na ɗauka Issufu zai sa albarka, ko ya ce ya yi kyau. Sai ya ce, "A wurin kabarin nan, ka ja ta da kyau. Amma a ƙarshe ka yi saurin sakinta. Kakarka ba ta saki a nan, sai ta ga mata sun ajiye abin da ke hannunsu."

Habibu ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Wace kakata, Baba?"

Issufu ya jawo kujera ya zauna, ya tattara hannun rigarsa. Ya ce, "Zauna. Ka gama goge fuskarka, in gaya maka ko jikan wa kake."

Na fita na ja musu ƙofa. Na zauna a kan wani akwatin kaya a lungu, masu goge suna wucewa da kayansu suna yi mini sallama. Minti arba'in na yi a wurin. Ban ji abin da aka faɗa ba, sau ɗaya dai na ji dariyar Issufu, sau ɗaya kuma na ji ya ɗan rera wani abu da tsohuwar muryarsa, ya tsaya, ya sake. A ranar bai koma Bron ba. Ya hau benen nan hawa huɗu yana haki, ya kwana a kan doguwar kujera.

Komawa

Litinin ƙarfe goma Habibu ya raka mu tasha. Wannan karon shi da uban ne a gaba suna magana, ni a baya da jakata ba mai waiwaye na. Na ƙara kwana takwas a Bobigny. Zeinabu ta sa na ba ta labarin ɗakin kujerun nan sau huɗu. Ranar Juma'a Bakanon nan ya sake tambayar injiniya, Issufu ya ce ba injiniya ba ne, mawaƙi ne, kuma in yana son ya ji sai ya sayi tikiti da wuri, don ƙarewa suke.

Na baro Paris ranar Laraba, na kwana biyu a Yamai, na hau bas ta asuba, na shiga Damagaram ƙarfe takwas saura na dare. Ban gama shan ruwa ba waya ta yi ƙara. Issufu ne, yana tambaya ko cikin matan da ke yi wa Inna amshi akwai wadda ta rage. Akwai ɗaya, a Garin Malam, ta haura tamanin, idonta ya tafi. Washegari na je na same ta a kan tabarma. Da na gaya mata abin da ya kawo ni ta ce ta manta waƙoƙin Inna duka, kuma haƙora ba su bar mata baki ba. Muka yi hira, na ba ta goro. Ina shirin tashi sai ta fara, a hankali, muryar na rawa. Ta yi waƙa bakwai ba ta tsaya ba, wayata na ajiye a cinyarta tana ɗauka. Na aika wa uba da ɗa a lokaci ɗaya. Habibu ya amsa daga Jamus cewa a gaya wa tsohuwar zai zo da kansa da damina, ya zauna gabanta ta koya masa. Da na faɗa mata ta ce to ya yi sauri.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Zeinabu da ta ciyar da ni tana dogara sanda, da abokiyata ta Yamai, da jandarman Ƙwanni, da matar nan ta gidan wasa da ban ko tambayi sunanta ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba tsohuwar Garin Malam tsawon rai har damina.